Tambaya ta gida, amsa ta aro: tarihin kalmomin gaisuwar Hausa

Duk wanda ya zauna ya rubuta gaisuwar safe ta Bahaushe daga farko har ƙarshe, ya ware tambayoyi gefe guda, amsoshi kuma gefe guda, zai ga wani abu da mai magana ba ya lura da shi. Abubuwan da a ke tambaya su ne kwana, wuni, gajiya, aiki, gida, yara, jiki, ruwa, ɗari da rana. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya fito daga Larabci. Amsoshi kuwa su ne «lafiya», «sai alheri», «ba laifi», «lokacinsa ne», «barka kadai», «alhamdu lillahi» da «amin». Kowacce daga cikinsu tana tsaye ne a kan kalmar Larabci: lafiya daga al-afiya, alheri daga al-khair, laifi daga al-aib, lokaci daga al-waƙt, barka daga baraka. Watau Bahaushe yana tambaya da kalmomin kakanninsa, yana amsawa da kalmomin da addini da fatauci su ka kawo masa.

Wannan rabo ba cikakke ba ne. Akwai tambayoyi masu kalmar aro, kamar «ina labari», «ina iyali», «ina hidima», «ina zaman duniya». Akwai kuma amsoshi na gida tsantsa, kamar «ba gajiya», «da godiya», «ya yi gyara». Amma idan a ka dubi waɗanda su ka fi yawo a baki, waɗanda yaro ya ke fara koyo tun bai iya ƙidaya ba, rabon yana nan a fili, kuma yana da tarihi.

Tsohon ginshiƙi

Ginshiƙin gaisuwa shi ne tambayar yadda mutum ya ƙetare wani yanki na lokaci. Aikatau «kwana» tsohuwar kalma ce, tana da ƴan'uwa a cikin sauran harsunan Cadi, kuma ba barci kaɗai ta ke nufi ba. Da kwana a ke ƙidayar ranaku, da shi kuma a ke ƙidayar rai: a kan ce wane yana da sauran kwana idan ya kuɓuta daga haɗari, a ce kwanansa ya ƙare idan ya mutu. Saboda haka mai cewa «ina kwana» yana tambaya ne ko an fito daga dare da rai da lafiya, a ƙasar da dare ya ke lokacin hari, da zazzaɓi, da maciji. «Ina wuni» kuma takwararta ce ta rana.

Abin da ya kan ba mai koyon Hausa mamaki shi ne kalmar «ina». A ko'ina cikin harshe wuri ta ke tambaya, amma a nan hali ta ke tambaya. Barbarci yana yin haka daidai: «nda» tana tambayar inda abu ya ke, da ita kuma a ke gaisuwar safe, «nda watu», da tambayar gida, «nda fato», da ta aiki, «nda cida». Zabarmanci kuwa «mate» ya ke amfani da ita, wadda ta ke daidai da «yaya» ta Kano, ko «ƙaƙa» da a ke ji a Adar da Gobir da Arewa: «mate fu» ita ce «ƙaƙa gida», «mate goyo» ita ce «ƙaƙa aiki», «mate farga» ita ce «ƙaƙa gajiya». Jerin abubuwan da a ke tambaya ɗaya ne daga bakin Kwara har tafkin Cadi. Irin wannan kama ba ta zuwa sai da zaman tare na ƙarnoni, a kasuwa ɗaya, a bakin rijiya ɗaya.

Siffar amsa ma haka ta ke. Bahaushe ya ce «sai alheri», Buzu ya ce «alher ghas», Bazabarme ya ce «baani samay», Bafillace ya ce «jam tan», Babambare ya ce «here doron». Ma'anar duka guda ce: alheri ko lafiya, babu wani abu bayansa. Inda su ka rabu shi ne kalmar da a ka zuba cikin wannan mazubi. Zabarmanci ya riƙe «baani» tasa, Fillanci ya riƙe «jam», amma Hausa da Buzanci da Bambaranci sun ɗauki ta Larabci. A Hausa kalmar aro ta mamaye wurin sarai, har Annan kwarin Maraɗi da Aznan Lugu da Bagaji, waɗanda su ka daɗe ba su shiga Musulunci ba, da «lahiya» su ke amsa gaisuwa, haka ma Kirista. Abin da ya rage na gida a cikin amsar shi ne ƴar kalmar ƙarfafawa da ke biye, «lau», «ƙalau», «lumui», «sumul», irin waɗanda masu nahawu ke kira amsa-kama. Har yanzu mutum na iya yar da «lafiya» ya ce «ƙalau» kawai, a kuma gane shi.

Hanyoyin da kalmomin su ka biyo

Kalmar aro ta kan ɗauko ƙurar hanyar da ta biyo. A shekarar 1947 Joseph Greenberg ya raba kalmomin Larabci na Hausa gida biyu. Na farko tsofaffi ne, sun shigo ta baki, ta wajen fatake da talakawan Musulmi, kuma sau da yawa «al-» ta Larabci ta manne musu har ta zama ɓangaren kalma. Na biyu sun shigo ta hannun malamai masu karatun littattafai, sun fi kusa da siffarsu ta asali. A 1965 Mervyn Hiskett ya ja da shi a kan wasu abubuwa, ya ba malamai da littattafai rabo mafi girma, ya kuma ɗaura zancen a kan Tarihin Kano, wanda ya ce Wangarawa sun kawo Musulunci zamanin Sarki Yaji, tsakanin 1349 da 1385. Ko wane ra'ayi a ka bi, kalmomin gaisuwa suna cikin waɗanda su ka fi lalacewa a baki, watau waɗanda su ka fi daɗewa.

A dubi «lafiya», «labari», «laifi», «lokaci». A cikinsu «al-» ta koma «l-» kurum, kamar a «lahira», «liman», «littafi», «lissafi», «Lahadi», «Laraba». Baƙaƙen maƙogwaro na Larabci sun ɓace. A «laifi» an mai da /b/ ta zama /f/, kamar yadda a ka yi a «littafi» da «lissafi». A «lokaci» /t/ ta zama /c/ gaban wasalin /i/, bisa dokar da ta ba da «mace» daga «mata». Kalmar da ta bi dokokin sauti na Hausa har haka ba baƙuwa ba ce kuma.

Hujja mafi daɗi ita ce ta tagwayen kalmomi, inda saiwa ɗaya ta shigo sau biyu. «Laifi» da «aibu» daga kalma ɗaya su ke. Ta farko ta tsufa a kasuwa, ta biyu ta fito daga zauren malam. «Albarka» da «barka» haka. «Lafiya» da «afuwa» saiwarsu guda a Larabci, ga shi kuwa sun sake haɗuwa a bakin mai gai da majinyaci, wanda ya ke tambayar lafiya, sa'an nan ya ce Allah ya ƙara afuwa, bai san kalma ɗaya ya faɗa sau biyu ba.

Game da ƙofar shigowa, Greenberg ya koma kan zancen a 1960, ya nuna cewa kalmomi da dama sun ratso ta Barno, wadda gidan sarautarta ya musulunta tun ƙarshen ƙarni na 11. «Kasuwa» misali ce sananniya, domin «ka-» da ke gabanta ta Barbarci ce, an liƙa ta ga «suƙ» ta Larabci. «Hankali», wadda ta ke cikin ban kwanan da mutanen Nijar su ka shahara da shi, «sai hankali», ta fi kama da «hangal» ta Barbarci bisa ga «lakkal» ta Zabarmanci, alhali duka daga «aƙl» su ke. «Lokaci» ma ta fi kusa da «loktu» ta Barbarci bisa ga «alwaati» ta Zabarmanci. Amma ƙofar arewa ba a rufe ta ke ba. An kafa sarautar Agadas a farkon ƙarni na 15, Al-Magili ya ratso ta Abzin kafin ya isa Kano da Katsina wajen 1492, ayarin gishiri kuma bai daina sauka Adar da Damargu da Damagaram ba. Claude Gouffé ya yi nazarin musayar kalmomi tsakanin Hausa da Buzanci, Maarten Kossmann kuma ya fitar da littafi a kai a 2005. «Azumi» tana cikin waɗanda siffarsu ta nuna sun bi ta bakin Abzinawa ko danginsu.

Abin da amsa ta ke faɗa

Nan ne tarihin kalma ya ke haɗuwa da ma'anarta. Wanda ya ce «lafiya lau» ba rahoton jikinsa ya ke bayarwa ba. Mai zazzaɓi yana faɗinta, wanda a ka yi wa sata jiya yana faɗinta, kuma babu mai ce musu maƙaryata. Amsa ce ta godiya, tana kuma shaida cewa tsakanin masu gaisawa babu komai sai zaman lafiya. Shi ya sa ƙin amsa gaisuwa ya ke babban abu: wanda a ka gaisar ya yi shiru, ya sanar da gaba ke nan. Musulunci ya tarar da wannan al'ada ya ƙarfafa ta, domin aya ta 86 ta Suratun Nisa'i ta umarci a mayar da gaisuwa da irinta ko da wadda ta fi ta. Daga nan ne hukuncin da kowane almajiri ya sani ya fito, cewa fara sallama sunna ce, amsa ta kuwa wajibi.

Dokar amsa mai daɗi ba ta da togiya a zagayen farko. «Ina gajiya?» «Ba gajiya», ko da mutum ya wuni yana huɗa, in ya so ya sassauta, ya ce gajiya ta bi lafiya. «Ina aiki?» «Da godiya.» «Ina ɗari?» «Lokacinsa ne.» «Ina ruwa?» «Ya yi gyara», ko da ruwan ya kwantar da katanga. Ƙasar da ta ga Kakalaba a 1913 da 1914, ta ga farin 1973 da 1974, ta ga yunwar da mutanen Maraɗi su ka sa wa suna El-Buhari a 1984 da 1985, ba ta rasa kalmomin faɗin wahala ba ne. Wurin faɗinta ne a ka keɓe.

Wurin kuwa yana zuwa bayan an gama. Baƙo ya yi sallama, an shimfiɗa masa tabarma, an gaisa, an kawo ruwa ya sha, sau da yawa a sake gaisawa karo na biyu, sa'an nan a yi ɗan shiru. A cikin shirun nan ne maigida zai ce «Lafiya?» ko «Lafiya dai ko?», muryarsa ta tashi a ƙarshe. Kalma ɗaya ce da ta ɗazu, amma yanzu tambaya ce ta gaske, ma'anarta: me ya kawo ka, ba wani abu ya faru ba? Har a nan ma baƙo zai fara da «lafiya lau», sa'an nan ya ce «sai dai», kuma bayan «sai dai» ne labari ya ke. Mai kawo labarin mutuwa daga wani gari ya kan fara da cewa jikin wane ya yi tsanani, ya bar mai sauraro ya shirya zuciyarsa, kafin ya ce Allah ya yi masa rasuwa.

Gaisuwar majinyaci tana da matakai waɗanda ƙamus ba ya nunawa. «Ya ya jiki?» Amsa ta kullum ita ce «da sauƙi», kuma ba ta nuna komai game da ciwon, a kan faɗe ta a kan wanda zai tashi gobe, a kan faɗe ta a kan wanda ba zai kai gobe ba. Idan sauƙin na gaske ne, sai an ƙara wani abu: «ya ji sauƙi sosai», «ya warware», «har ya fita». Idan a ka ce «da dama-dama», abin yana nan yadda ya ke. Idan a ka ce «jiki sai a hankali», ya yi nauyi. Idan a ka ce «sai addu'a», ko «sai abin da Allah ya yi», to, mai hankali ya san ya kamata ya aika a kira dangi. A nan kalmar «sai» ta juya: a «sai alheri» ta kore sharri duka, a «sai haƙuri» da «sai addu'a» kuwa ta kore dabara duka. Zabarmanci yana da wannan juyi da «kala», mai ba da «kala suba», sai gobe, da «kala suuru», sai haƙuri.

Kasuwa ta yi wa «albarka» irin wannan aiki. Mai saye ya taya, mai kaya ya ce «albarka», ma'ana bai sayar ba. Kalmar addu'a ce ta zama kalmar ƙi, don kada a ce «a'a» a fuskar mutumin da ya kawo kuɗinsa. Ƙamus na Bargery na 1934 ya riga ya rubuta wannan ma'ana. In ciniki ya faɗa, da wata kalmar Larabci a ke rufe shi, a ce an sallama. Almajirin da ba a sami abin ba shi ba, shi ma ba a ce masa babu. Addu'a a ke yi masa, a ce Allah ya ba da haƙuri.

Fada da malamai

Gaisuwar sarauta tana da nata tarihi, kuma a nan ne a ka yi jayayya ta gaske. «Ranka ya daɗe», ko «ranka shi daɗe» a bakin mutanen yamma, Hausa ce tsantsa, babu sunan Allah a ciki. Kusa da ita akwai kirarin dabbobi, zaki da giwa da toron giwa, da jinjina da dunƙulallen hannu, da faɗuwa ƙasa, da zuba ƙasa a ka, wanda a ke kira afi ko hurwa. Al'adar zuba ƙasa ba ta Hausawa kaɗai ba ce, domin Ibn Battuta ya gan ta a fadar Mali a 1352. Daga baya a ka sami jerin da ke farawa da sunan Allah: Allah ya ba ka nasara, Allah ya ja zamaninka, Allah ya ba ka yawan rai, da ta malamai, Allah ya gafarta malam. (Wannan «nasara» ta cin galaba ce, ba ita ce «Nasara» ko «Annasara» ta Turawa ba, karin sauti da tsawon wasali sun raba su, ko da ya ke rubutun boko ya haɗe su.)

Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wanda ya yi wa'azi a Gobir shekaru da yawa kafin jihadin 1804, ya soki sunkuyawa da faɗuwa gaban mutum wajen gaisuwa, ya lissafa su cikin bidi'o'i a littafinsa Ihya'us Sunna na 1793, ya yi kira a tsaya ga sallama da musafaha. Jihadi ya ci biranen Hausa, amma bai ci wannan al'ada ba. Fadojin sababbin sarakuna sun gaji mafi yawanta. A arewa kuma gidajen sarautar da a ka kora sun sake kafuwa: Katsinawa a Maraɗi ƙarƙashin Ɗan Kasawa wajen 1819, Gobirawa a Tsibiri bayan yaƙin Gawakuke na 1836. Damagaram kuwa tana bin Barno ne, ba Sakkwato ba. Don haka fadojin kudancin Nijar wuri ne mai daraja ga mai neman tsohon salon gaisuwar sarauta, inda sarki ba ya amsawa da bakinsa, sai fadawa su ɗaga murya su ce an gaishe ka. Jayayyar ta sake tashi bayan kafa ƙungiyar Izala a Jos a 1978 da bazuwarta zuwa Maraɗi da sauran garuruwa cikin shekarun 1980, sa'ad da samari su ka fara ƙin durƙusa wa iyaye da malamai, su na miƙa hannu a tsaye. Abin lura shi ne, a duka karon biyu jiki a ka yi faɗa a kansa, gwiwa da goshi da hannu. Kalmomin tambaya da amsa babu wanda ya taɓa su.

Canjin da ya auku a kalmomi ya zo ne a hankali, ta wajen mata. A da namiji ne ke tsayawa a ƙofar zaure ya ce «salamu alaikum», mace kuwa ta shiga gida tana cewa «gafara dai» ko «gafaranku». Ita ma «gafara» Larabci ce, amma ta tsohon rukuni. Da yaɗuwar makarantun Islamiyya na mata, sallama ta kusa kore ta a birane, sai a bakin tsofaffi.

Daga baki zuwa takarda

Hausar da Turawa su ka fara rubutawa da yawa ta Damagaram ce. Dorugu, wanda a ka haifa a Dambanas kusa da Kance, a ka kama shi bawa yana yaro, ya bi Heinrich Barth zuwa Ingila a 1855, can kuma ya zauna da J. F. Schön. Daga bakinsa ne Schön ya sami kaso mai yawa na nahawunsa na 1862, da ƙamus na 1876, da Magana Hausa na 1885. Bayan Faransawa sun ci Damagaram a 1899, Maurice Delafosse ya fitar da littafin koyon Hausa a 1901, sai Landeroin, tafintan ayarin Tilho mai shata iyaka tsakanin 1906 da 1909, ya fitar da nahawu da ƙamus tare da Tilho. Waɗannan littattafai na soja ne da ɗan mishan da mai mulki. Bukatarsu ita ce a ba Bature jerin tambaya da amsa ya haddace, kowacce da fassararta a gefe. Sun yi aikin da a ka nufe su da shi. Amma daga gare su ne a ka gaji al'adar ajiye «lafiya lau» kusa da «je vais bien» kamar abu ɗaya ne, alhali ba ɗaya ba ne.

A gefen Ingilishi an yi nisa da aikin daidaita rubutu, daga dokokin Hanns Vischer na 1912 zuwa ƙamus na Bargery da na Abraham na 1949, an kuma ɗauki Hausar Kano ma'auni. A gefen Faransa ba a koyar da Hausa a lakwal ba ko kaɗan. Sakamakon haka, abin mamaki, gaisuwar Hausa ba ta sha wani rauni daga Faransanci ba. Ƴan lakwal sun ɗauki «bonjur» da «saba» da «marsi», an kira malamin makaranta «mushe», shi ke nan. Faransancin ne ya sha rauni. Wanda ya saurari ma'aikata a Yamai ko a Tawa zai ji «et la fatigue?», «et la famille?», «et le froid?», zai ji «bonne arrivée» a wurin barka da zuwa, da «ça fait deux jours» a wurin kwana biyu, ko da an shekara ba a gamu ba, da «ça va un peu» a wurin da sauƙi ko da dama-dama. Ba Hausa kaɗai ta haifi waɗannan ba, ana jin su a Wagadugu da Bamako. Amma mazubin na ƙasar nan ne, an zuba masa kalmomin Faransa yadda a ka taɓa zuba masa na Larabawa.

Bayan ƴancin kai ne Hausa ta shiga takarda a Nijar da sunan hukuma: taron Bamako na 1966 a kan haruffa, makarantar gwaji ta farko a Damagaram a 1973, kafa INDRAP a 1974, taron Yamai na Janairu 1980 don daidaita rubutu da Nijeriya, ƙaramin ƙamus na Abdu Mijinguini a 1987, sai dokar rubutu ta 1999. Daidaita rubutu abu ne mai amfani, babu mai musu. A rubuta «lafiya» da /f/ daga Dogon Dutsi har Gure. Amma malamin da ya ke gyara wa ɗan Ƙonni «lahiya» a baki, ko ya hana shi «ƙaƙa» da «Allah shi kai mu» da «muna lahiya?», don bai gan su a littafi ba, ya wuce abin da doka ta ce. Dokar ta rubutu ce, ba ta furuci ba. Waɗannan siffofi na yamma kuwa, irin su «shi» ta umarni da addu'a, masu nazarin tarihin harshe sun nuna da yawansu sun girmi na Kano.

Wayar salula, da ta shigo ƙasar a farkon shekarun 2000, ta gajarta gaisuwa na wani lokaci, don kowane daƙiƙa kuɗi ne. Saƙon murya na WhatsApp ya maido ta da tsawonta, har a kan ji mutum ya jera tambayoyi shida ya amsa wa kansa da «to madalla» kafin ya shiga magana.

A watan Maris na 2025 kundin da hukumomin Nijar su ka kafa ya sa Hausa ta zama harshen ƙasa. Ma'anar wannan ita ce mutane da yawa waɗanda ba a haife su cikin Hausa ba za su koye ta daga littafi, su yi aiki da ita a ofis da gidan likita da wajen ƙidayar amfanin gona. Littafin da ya tsaya ga jerin tambaya da amsa irin na zamanin Landeroin zai koya musu rabin abu. Ɗan Tera ko ɗan Bilma yana da sa'a, don harshensa na gida yana da irin wannan tsari, zai gane da wuri. Wanda ya tashi cikin Faransanci kuwa, a ka tura shi gidan likita a Madarunfa, zai tambayi uwa jikin ɗanta ta ce da sauƙi, ya rubuta cewa an sami sauƙi. Mai ƙidaya da ya buɗe takardarsa kafin a kawo ruwa zai tambayi manomi damina, ya ce alhamdu lillahi, ya rubuta cewa an sami hatsi. Darasin da ya kamata ya biyo bayan «ina kwana» a irin wannan littafi shi ne na «Lafiya?» ta biyu, da «sai dai», da matakan da ke tsakanin «da sauƙi» da «sai addu'a».